Shuɗiyar Waya a Layin Ja

Duk wanda ya yi aiki a cibiyar adana bayanai ya san babu ranar da ke kaɗa hantar ciki kamar ranar gwajin wuta. Da gangan ake kashe wutar, da rana tsaka, a gaban masu kaya, don su gani da idonsu cewa na'urorinsu ba za su mutu ba. Dabarar ba ta da wuya. Kowace na'ura waya biyu gare ta, ja da shuɗiya, kowacce na shan wuta daga layinta daban. In layin ja ya mutu, shuɗi ya riƙe.

Wannan ne gwajin farko tun da aka ba Injiniya shugabancin ginin. Baƙin nata mutum biyu ne, mace da namiji, daga kamfanin da ke riƙe wa asibitoci bayanansu: katin marasa lafiya, sakamakon jini, jerin masu jiran tiyata. Na'urorinsu tuni suna aiki a cikin ɗakin. In ɗaya ta mutu ko na minti guda, likitoci su tsaya suna kallon allo babu komai, kamfanin ya kwashe kayansa, ita ma ta kwashe nata daga ofis.

Ƙarfe goma aka sa. Goma saura kwata komai ya kammala, janareta a shirye, batura a cike, amma tsohon mai wutar ginin yana can bayan kabad-kabad ɗin da na'urorin ke ciki, a durƙushe. Mahaifinta ne. A gida ita ce Auta, ita ke miƙa masa sukundireba tun tana aji biyu. A nan kuwa bai taɓa kiranta da komai ba sai Injiniya, har da ɗan rusunawa, abin da ke ba ta kunya kullum. Ma'aikata suna ce masa Baba a gabansa, a bayan ido kuma Hawainiya. Su ma dai ba su yi ƙarya ba. Mutumin nan bai yarda da takarda ba, bai yarda da launi ba. Sai ya kama waya daga gindin na'ura, ya bi ta da yatsa har inda ta shiga soket. Kabad arba'in, jama'a!

Ta zagaya ta same shi. Gaban kabad sanyi ne mai sa haƙora kaɗawa, amma ta baya nan na'urori ke furzar da zafi, rigarsa ta jiƙe sharkaf.

"Baba, takardar dubawa ta cika. Jiya ni da kaina na sa hannu."

"Na gani, Injiniya."

"To mene ne kuma? Baƙi suna jira."

"Takarda ba ta shan wuta," ya ce, ko ɗago kai bai yi ba.

Ranta ya ɓaci, gaskiya ya ɓaci. Da wani ne da tuni ta ce masa ya tattara ya fita. Ta koma wajen baƙin tana murmushin dole. Goma ta buga, ta wuce da minti biyar, ta wuce da goma. Namijin ya fara duba agogo yana nuna wa kowa cewa dubawa yake.

Can sai ta ji muryarsa ƙasa-ƙasa cikin ƙugin fankoki.

"Auta."

Ta juya da sauri ta nufi wajensa. Shekara shida suna aiki a gini ɗaya, yau ne sunan ya fara fita daga bakinsa a nan.

Yana tsugune a bayan kabad na sha huɗu, na mutanen asibitin. Ya kama hannunta ya ɗora a kan wata shuɗiyar waya. Ta bi ta. Wayar ta sauka, ta lanƙwasa ta bayan ƙarfe inda ido ba ya kaiwa, ta je ta shige soket ɗin layin ja. Wayoyin na'urar duka biyu a layi ɗaya suke. Da an kashe ja da ƙarfe goma, da shi ke nan.

Nan take ta tuna. Sati uku da suka wuce, ranar da aka kafa na'urar, ita ta taya masu haɗawa. Shuɗiyar wayar ta gaza da taƙi ɗaya kacal, ta ce a maƙala a ja zuwa gobe. Da hannunta ta maƙala. Gobe ta zo da taro uku, abin ya fita kanta. Jiya kuma da ta zo dubawa ta ga ja, ta ga shuɗi, ta sa hannu.

"Baba, ni ce," ta ce.

"Ban tambaye ki ba." Ya zaro doguwar shuɗiyar waya daga jakar da ba ya rabuwa da ita. "Sa da hannunki. Bari in je in ba baƙinki haƙuri."

Tana canja wayar tana jiyo shi. "Ku gafarce ni, tsufa ne. Gwiwa ba ta son tsuguno, ido ba ya son ƙananan rubutu. Injiniya ta gama nata tun jiya, ni na tsare ku." Har dariya ya sa su. Hawaye ya cika mata ido, ta goge da hannun riga.

Goma da minti ashirin aka kashe layin ja. Ƙararrawa ta yi kuka, jajayen fitilu suka mutu a jere, amma fanka ko ɗaya bai tsaya ba. Aka mayar, aka kashe shuɗi, haka. Namijin ya miƙo biro a sa hannu.

Injiniya ba ta karɓa ba. "Kafin nan, ba tsufa ne ya tsare ku ba. Waya ɗaya a kabad ɗinku tana layin da ba nata ba. Ni na sa ta, ni na duba ban gani ba. Shi ya gano."

Baba ya zuba wa takalminsa ido. Macen ta dubi Injiniya, ta dubi tsohon, ta daɗe tana kallon jiƙaƙƙiyar rigarsa.

"Duka arba'in ɗin yake bi da hannu?"

"Duka. Kowane gwaji," in ji Injiniya.

"To a rubuta mana shi a yarjejeniya. Kada a sake kashe wuta sai an bi haka." Ta juya ga Injiniya. "Kuma in an sami irin wannan, daga bakinki nake son ji, kamar yau."

Washegari Baba ya shigo da jakarsa, ya tarar an riga shi. Tana durƙushe a bayan kabad na farko, rigar ofis ta manne mata a baya, yatsanta a kan jar waya tana bi a hankali. Ya tsaya ya kalle ta har ta kai soket. Sannan ya gyara murya.

"Sannu da aiki, Hawainiya ƙarama."

Ta ɗago a firgice. Ashe duk shekarun nan ya san sunan da ake kiransa da shi a bayan ido. Ya ajiye jakar a gefenta, ya durƙusa da ƙyar a bayan kabad na biyu.