Butar Shayi da Baƙin Mai

A bazarar 1967, da rijiyoyin kwarin Tarka suka ƙafe ɗaya bayan ɗaya, duk mai dabba a yankin hankalinsa ya koma kan inji guda. Injin famfo ne da gwamnati ta kafa a tsakiyar daji, yana jawo ruwa daga can ƙarƙashin ƙasa yana zubawa cikin dogon kwamin siminti. Mato, mutumin Tanut, shi aka ba tsaronsa. Injin nan kuwa, Allah ya sawwaƙe, ba shi da lafiya.

Wani wuri ne ya tsage a gindinsa, baƙin mai yana ɗiga cikin rairayi. Mato ya liƙe da ƙaro, ya liƙe da sabulu, ya ɗaure da tsumma, ɗigar ta ragu amma ta ƙi tsayawa. Ya aika Damagaram, aka ce motar masu gyara tana tafe. Tafen ke nan har yau! Abin da ya rage masa gwangwanin mai ɗaya ne, shi ma an taɓa shi. Wanda ya koya masa aikin kuwa ya ja masa kunne sosai: in mai ya sauka ƙasa da zanen da ke jikin ƙarfen awo, inji zai ƙone, ƙonewar da ba ta gyaruwa a daji. In kuma aka cika shi da yawa, tsagar nan ta fesar da shi a banza. Dole sai kaɗan-kaɗan, a zuba, a yi aiki, a tsaya a duba, a sake zubawa.

To, a nan masifar take. Wanda ya ƙera gwangwanin nan, wallahi bai taɓa zuba mai da hannunsa ba. Ga shi mai kusurwa huɗu, baki a can gefe guda, ba a ganin abin da ke ciki. Ka karkata shi a hankali ya yi shiru kamar babu komai, ka ɗan ƙara ya yi ɓul ya amayo. Bakin da ake zuba wa injin mai kuma ya ɓuya ƙarƙashin bututun hayaƙi, mazurarin da ake sa masa wani bajimi ya taka shi tun makon jiya.

Da safiyar nan Mato ya yi bisimilla, ya durƙusa, ya karkata gwangwani. Shiru. Ya ƙara. Ɓul! Mai ya kwararo ta jikin inji, ya gangara, rairayi ya shanye yana kallo. Abin da ya shiga ciki bai kai wanda ya zube ba.

"Kai! Allah ya isa tsakanina da maƙerinka!" in ji Mato. Ya ajiye gwangwanin. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske. Ya ɗaga kai ya dubi garke-garken da suka kewaye wurin, shanu sun rame sun ɗaga hanci suna shinshinar kwamin da babu ruwa. In ya sake irin wannan zubi, kafin azahar an gama.

Nan idonsa ya faɗa kan Attahir. Dattijon Buzu ne, ya iso jiya da yamma da shanunsa daga arewa, shi ne ƙarshen layi. Har sun yi cacar baki, don ya nemi a sa shi gaba, ya ce dabbobinsa sun fi na kowa galabaita, Mato ya ce layi layi ne, wanda ya riga zuwa shi ke riga sha. Yanzu ga shi zaune gindin aduwa, ya naɗe rawani har hanci, yana haɗa shayi. Ya ɗaga ƴar butarsa shuɗiya sama, shayi ya sauko siriri kamar zare, ya faɗa cikin finjali, ɗan kofin gilashin nan nasu. Ko ɗigo bai fita waje ba.

Mato ya tsaya yana kallon bakin butar. Siriri, dogo, da ɗan lanƙwasa. Ya san abin da zai roƙa ba ƙaramin abu ba ne, butar da ta ɗanɗani baƙin mai ta bar shayi har abada. Ya goge hannu a wando, ya taka ya je.

"Salamu alaikum, dattijo."

"Alaikumus salam, mai inji. Ka zo ka gaya mini an ƙara maida ni baya?"

"Butarka na zo roƙo."

Ya yi masa bayani tiryan-tiryan, bai ɓoye ko ɓarin da ya yi ba. Attahir ya saurara bai motsa ba.

"Jiya ka hana ni ruwa, yau kana son butata," in ji shi. "Daga Agadas na sayo ta, tun babban ɗana yana goye. Kuma ko na ba ka, layina zai matso?"

"Ba zai matso ba. Amma in ba ka ba ni ba, layin ma babu shi."

Dattijon ya dube shi. Sai ya miƙa masa finjali. "Sha." Mato ya karɓa ya kurɓe, ya ƙona harshe. Ya zaci za a zaunar da shi sai an sha shayi na biyu da na uku yadda aka saba, zuciyarsa na tafasa. Amma Attahir ya buɗe murfi, ya juye ganyen a ƙasa, ya goge cikin butar da gefen rawani, ya miƙe.

"Ni zan zuba. Na ga hannunka."

Suka kwantar da gwangwani a kwiɓi, bakinsa ta sama, suka tara kwanon tuwon Mato a ƙasa don ko ya yi halinsa. Mai ya gangaro cikin buta lafiya lau. Attahir ya zuba daga buta zuwa finjali, ya maida, ya sake zubawa, ya maida. Mai ba shayi ba ne, yana da nauyi, yana jan jiki, sai da ya yi ta gwadawa har hannunsa ya kama lokacin da finjali ke cika. Daga nan ya durƙusa, ya zura bakin butar ƙarƙashin bututun hayaƙi, ya karkata, ya ɗauke.

"Finjali ɗaya ke nan."

Mato ya zaro ƙarfen awo ya duba. "Ƙara ɗaya." Aka ƙara. Mai ya taɓa zane daidai. Mato ya kama hannun inji ya murɗa da iyakar ƙarfinsa, inji ya yi tari, ya yi hayaƙi, ya kama. Ruwa ya feso cikin kwami, daji ya ɗauki kukan shanu.

Haka suka wuni. Dado Bafillace, na farkon layi, ya shayar ya kaɗa shanunsa, na bayansa ya matso. In an ɗan jima Mato ya kashe inji, ya duba ƙarfe, ya ce finjali ɗaya, ko rabi, Attahir ya zuba. Makiyaya suna ta ƙorafi, wai me ya sa ake tsayawa, Mato ko kallonsu bai yi ba. Rana ta gasa su, ƙarfe ya ƙona wa dattijon bayan hannu, ya ci gaba da zubi. Can nesa shanunsa suna tsaye, matarsa Raishatu tana tare su da sanda kada su kutsa cikin na mutane.

Bayan la'asar layi ya iso kan Attahir. Mato ya kashe inji, ya zaro ƙarfe, mai ya sauka ƙasa da zane. Attahir ya karkata buta, babu komai. Mato ya girgiza gwangwani a kunnensa, shiru.

Abin ya soki Mato a zuciya. Man da ya zubar da safe, shi ne rabon shanun mutumin nan. Ya ce a ransa, wallahi ba za a tashi haka ba. Ya zaro wuƙa, ya soke gwangwanin a kafaɗa, ya yanka shi ya ɓare gida biyu. Ashe a kusurwoyin nan mai ya maƙale, da bayan bakin nan na banza. Ya sa yatsa yana kalatowa yana gogewa a bakin buta, gefen gwangwani ya yanke shi, ya canza yatsa ya ci gaba. Ya kalace kwanon tuwo, ya kalace finjali. Attahir ya leƙa cikin butar.

"Rabin finjali. Bai ma kai ba."

"Zuba."

Aka zuba. Mai ya ɗan lashi zanen da ƙyar. Mato ya tada inji, ya ɗora tafin hannu a jikinsa, ya kasa kunne. Raishatu ta saki shanu, suka rugo suka kifa kai. Manya suka ture ƙanana, ruwa na zuwa suna shanyewa kafin ya taru. Mato yana jin zafin ƙarfe yana hawa a hannunsa. Ya daure, ya ƙara daurewa. Sai ya ji ƙarar injin ta canza, wani ɗan ƙwas-ƙwas ya shigo ciki. Nan take ya kashe.

"Tada shi!" Attahir ya daka tsawa. "Maruƙa ba su sha ba! Kana gani!"

"Ina gani."

"Na ba ka butata, na wuni durƙushe gabanka!"

"Ko sare ni za ka yi, dattijo, ba zan tada shi ba. In ya ƙone, kowa ya ƙone, har da kai."

Maruƙa suna lasar gindin kwami suna kuka. Attahir ya juya baya cikin fushi. Mato ya miƙe. Ya nufi bukkarsa, ya shiga, aka ji motsi. Sai ga shi ya fito yana mirgino duron ruwan shansa, wanda da shi yake alwala, da shi yake dafa abinci. Duron ya nutse a rairayi, ya sa kafaɗa ya tura, ya faɗi, ya tashi ya sake turawa har bakin kwami.

"Inna Raishatu, kore manyan!"

Ta kore su. Ya buɗe duro ya karkata, bai ɗaga ba sai da ya ga ɗigon ƙarshe. Maruƙa suka yi layi suka sa baki, wurin ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar shan ruwa.

Attahir ya matso a hankali. Ya dubi duron, ya dubi hanyar Damagaram, babu ko alamar mota.

"Kai kuma me za ka sha, mai inji?"

Mato ya zauna daɓas a ƙasa, yana naɗe yatsansa da tsumma.

"Shanun naka ba su da nono ne?"