Alƙiblar Hajiya Saffana

Tun ranar da Hajiya Saffana ta sauka Guangzhou ta ƙasar Sin jinyar ɗanta Sharfaddeen, ba abin da ya yi mata daɗi. Asibitin cike yake maƙil, in ta shimfiɗa sallaya a baranda sai mai shara ta tsaya mata a ka da tsintsiya. Dole ta kai ta tsohon cocin da ke bayan ɗakin tiyata, wanda 'yan mishan suka gina fiye da shekara ɗari, yanzu ba mai leƙa shi.

Ta tsani wurin. Dutse ne toka-toka mai sanyi, ƙofofi da tagogi duk masu tsini a sama, rufin ya yi gwatso-gwatso kamar haƙarƙarin bijimi a mahauta. Gilasan tagogin ja da shuɗi, cike da hotunan masu gemu. Can ƙarshen ɗakin, ta gabas, ga mutum-mutumin wata mata rungume da gawar ɗanta a cinya. Wannan kam Hajiya ba ta ko son ganin ta. Amma gabas gabas ce, shekara sittin can take kallo a Kano. Sai ta runtse ido ta kabbara. Kwana uku haka, tana roƙa wa ɗanta rai.

Ranar tiyata da azahar Abdoulaziz ya shigo, Bamaraɗen da ya ja Sharfaddeen harkar jakunkuna a garin Shiling, kusa da Guangzhou. Dama ba sa ga maciji, ita a wurinta shi ya kawo mata ɗa ƙasar mutane ya kwanta.

"Hajiya, mi kike yi haka?" Muryarsa ta cika ɗakin. "Nan Makka yamma take. Kin ba Ka'aba baya, kina sujada gaban gunki!"

"Kai za ka koya mini salla?"

Ya miƙo mata waya. Kibiyar alƙibla na nuna ƙofa.

Tsoro ya kama ta, na gaske. Ta waiwaya ta dubi matar nan da gawar a cinya, yau da ido buɗe, sannan ta fizge sallayarta ta juya ta. Ga Abdoulaziz tsaye ƙiƙam a bakin ƙofa.

"Kauce mini daga alƙibla," in ji ta. "Yarona na ƙarƙashin wuƙa, ina da sallar kwana uku da zan rama kafin a fito da shi."