Hoto na Goma Sha Biyu

Barira mai kitso ta Gwaram ba ta taɓa mafarkin rataya kyamara a wuya ba. Ƙanenta Barau ne ya jawo ta ciki, shi ma kuma ba don Allah ya yi ba.

Shekarun nan ne da aka daina sule da fam aka koma naira, kuɗin fetur ya fara gangarowa har ƙauyuka, duk wanda ya sayar da sa biyu sai ya ce Makka za shi. Makka kuwa ba a zuwa sai da fasfo, fasfo kuma sai da hoto. Barau ya yi shekara uku a Kano yana koyon ɗaukar hoto, ya dawo ya buɗe shago a Birnin Kudu kusa da tasha, ran kasuwar Gwaram kuma ya ɗauro kayansa a babur ya zo ya kafa rumfa. Maza suna zuwa da ƙafarsu. Matan kulle ne suka gagare shi. Wane malami ne zai bar gardi mai gashin baki da wando mai faɗin ƙafa ya wuce zaure ya tsura wa iyalinsa ido? Nan ne ya tuna yana da yaya wadda babu gidan da ba ta shiga.

Shekara ashirin Barira tana kitso a Gwaram. Ta san mai ƙwarƙwata, ta san mai amosani, ta san wadda furfura ta kama tun tana da ɗa ɗaya, amma ba wanda ya taɓa jin ko ɗaya a bakinta. Surutu kam tana da shi kamar rediyo, sai dai abin da ke ƙarƙashin ɗankwali ba ta fita da shi. Tun da mijinta ya rasu, da wannan amanar take ci take sha.

Kwana huɗu ta yi a Birnin Kudu tana koyo, kwana huɗun kuma faɗa suka yi. Kyamarar wani baƙin akwati ce mai ido biyu, ɗaya bisa ɗaya, ba a kai ta fuska, a kan ciki ake tokare ta a leƙa ta sama kamar mai duba tukunya. Abin haushin, a cikin gilashin in ta karkata dama sai mutum ya gudu hagu. Ta zagi kyamarar, ta zagi wanda ya ƙera ta, ta haɗa da Barau. Hotunanta na farko duk babu kawuna, daga wuya suka fara. Barau ya yi ta nanata mata: rana ta tsaya a bayan kafaɗarta, amma kar ta doki fuskar mutum har ya runtse ido. Ta bar sarari kamar yatsa biyu bisa kai. Ta dubi abin da ke bayan mutum kafin ta dubi mutumin, kada tabarya ta tsiro masa a ka. Sannan ta riƙe numfashi, ta danna, ta murɗa. Fim ɗaya hoto goma sha biyu ne, ba a kuma cire shi sai ya cika, don haka kar ta kuskura ta dawo masa da saura.

Ran na huɗu hannunta ya zauna. Ashe macen da ta shekara ashirin tana tsaga kai daidai ba za ta rasa gane tsakiyar fuska ba. Barau da kansa ya ce idonta ya fi nasa, yana faɗa yana ɓata rai.

Gidan da kowa ke jira ya ga ko za a buɗe mata shi ne gidan Malam Isma'ila. Matarsa, Malama Ummulkhairi, ita ke koya wa matan aure karatu a tsakar gidanta, kuma shekara talatin ba namijin da ya ga fuskarta in ba muharraminta ba. Abin da ta yarda da shi matan gari suke yarda da shi, abin da ta ƙi kuwa ya mutu. Sai da Malam ya tabbatar larurar aikin Hajji ce sannan ya ba da izini. Malama kuma ta gindaya nata sharaɗin: hoton fasfo kaɗai, ba ƙari. Barira ta rantse har da dafa ƙirji.

Aka rataya farin ƙyalle a bango, Malama ta zauna ta ɗaure fuska kamar za a yi mata allura, Barira ta danna. Wannan shi ne na goma sha ɗaya a fim ɗin. Da aka gama, Malama ta ce tunda ta zo, ta tsefe mata kai. An kai rabi ke nan sai ga wani ɗan akuya ya fizgo farin ƙyallen nan, ya rufto masa a ka, ya dinga zagaya tsakar gida yana karo da turmi. Malama ta tuntsire da dariya, irin wadda ɗalibanta ba su taɓa gani ba. Kai a buɗe, gashi rabi a tsefe, rana ta ratso ta cikin ganyen darbejiya ta sauka a gefen fuskarta, alluna jere a jikin bango a bayanta.

Kyamarar tana kan cinyar Barira. Ta sunkuyar da kai ta leƙa, sai ta ga duk abin da Barau ya yi kwana huɗu yana faɗa ya haɗu wuri ɗaya. Ga kuma hoto ɗaya da ya rage. Ta riƙe numfashi ta danna. Dariya ta haɗiye ƙarar, kuma ko Malama ta waigo, mace kawai za ta gani tana duban cinyarta.

Barira ta ce a ranta ai cika fim ta yi. Da ta miƙa wa Barau, ta ce masa na ƙarshen nata ne, ya sako mata shi daban a ambulan. Ya ce to, to, hankalinsa na kan tayar da babur.

Kasuwa ta zagayo. Barira ta shigo da hantsi za ta sayi man kitso, ta hango maza sun yi cincirindo a rumfar Barau. Masu hoto suna da wata al'ada: duk hoton da ya fi kyau sai su sa shi a akwatin gilashi a gaban rumfa don ya jawo mutane. Ta kutsa ta leƙa. Ga Malama Ummulkhairi a tsakiyar akwatin, an faɗaɗa ta har ta kai faifai, kai a buɗe, tana yi wa kasuwar Gwaram dariya. Ɗan banzan har ja ya shafa mata a leɓe.

Maikano mahauci yana cewa wannan daga gani 'yar Kano ce. Maikuɗi tela kuwa ya matso da ido yana cewa a'a, a dubi allunan nan na baya, a dubi darbejiyar, shi fa kamar ya san wannan bangon, ya taɓa hango reshen nan daga wani zaure.

Barira ba ta san lokacin da ta fizgi muciya daga hannun mai sayar da kayan sassaƙa ba. Duka ɗaya ta yi, gilashin ya tarwatse. Ta zaro hoton ta cusa a zani, ta juyo kan Barau. Ta kira shi marar mutunci, ta kira shi ɗan tasha, ta ce Kano ta cinye masa kunya ta bar masa gashin baki. Ta tambaye shi in uwarsu ce a raye, zai kai kanta kasuwa tsakanin mahauta da masu daddawa?

"Yaya, wallahi hoto bai taɓa fita daga shagona da ya kai wannan ba," in ji Barau, yana tsintar gilashi. "Ni ban ma san ko wace ce ba. Aikinki na ɗaga."

"Na ce ka sa min a ambulan."

"Na sa miki ƙaramin. Ga shi nan a jaka."

Ta fizge jakar ta zazzage a ƙasa. Ta ɗauki ƙaramin, ta ce ina nagatif ɗin, wato baƙin fim ɗin da ake fitar da hoto daga jikinsa sau nawa aka ga dama. Ya ce wannan kayan shago ne, mai hoto ba ya bayarwa. Ta ɗaga muciyar. Ya bayar. Amma da yake shi ma jininsu ɗaya, sai da ta juya za ta tafi sannan ya jefo mata magana a gaban mutane.

"Ni dai ratayewa na yi. Wa ya ɗauka?"

Barira ta kama hanyar gidan Malama. Tana tafiya tana huci, tana ƙara tsine wa Barau, amma duk tsinuwar da ta jefa sai ta ji ta dawo mata. Ta kuma san in Malama ta ce kar ta sake shigo mata gida, kafin Juma'a babu zauren da zai buɗe mata a Gwaram, kitson ma ya ƙare.

Zancen ya riga ta isa. Maikuɗi tela bai yi azahar ba sai da ya tuno bangon. Malam Isma'ila ya ji a masallaci, ya shigo gida ya ce da matarsa kanta ne aka kai kasuwa, don haka hukuncin nata ne, ya koma zaure. Da Barira ta yi masa sallama, ya amsa bai ɗago daga littafinsa ba.

Ta tarar da Malama a kan tabarma, ɗalibai huɗu zaune da allunansu, ba mai karatu. Ta durƙusa ta ajiye babban hoton, da ƙaramin, da nagatif. Ta fara bayanin yadda Barau ya ci amanarta, da yadda ta fasa masa gilashi. Malama ba ta saurare ta ba. Ta tashi ta jefa nagatif da babban hoton a murhu, ta tsaya har suka naɗe suka yi baƙi, wari ya cika gidan. Ƙaramin kuwa ta daɗe tana dubansa kafin ta kife shi a ƙarƙashin tabarma.

"Barau bai san ni ba," ta ce. Muryarta ba ta tashi ba. "Bai taɓa cin tuwon gidan nan ba. Ban taɓa kwance masa ɗankwalina ba. Ke na kwance wa. Kina zaune kusa da ni, bakinki da lafiya, me ya hana ki tambaye ni?"

Barira ta ce fim ne ya rage guda.

"Sai kika cika shi da kaina."

Can Malama ta nuna kyamarar da ke wuyan Barira ta tambaya ko akwai fim a ciki. Barira ta ce sabo ne, ko ɗaya ba a taɓa ba. Malama ta sallami ɗaliban, ta ce su tafi gida, yau babu karatu. Sai da ta ƙarshe ta fita sannan ta miƙa hannu.

"Ba ni. Ke kuma koma gindin darbejiya, ki cire ɗankwalinki."

To, abin da ba wanda ya sani a Gwaram shi ne, mai kitson gari kaf ba ta da gashin da za a kama. Tun wata jinya da ta yi shekara goma baya, gaban kanta ya share tas, sai ɗan tsiro a ƙeya kamar gonar da fara ta bi. Ko wanka za ta yi sai ta sakaya ƙofa. Ta je ta zauna ta kwance ɗankwalin, iska ta bugi kanta, ta ji kamar an tuɓe ta a tsakiyar tasha.

Abin da ya ƙara mata takaici, ita ce kuma za ta koyar. Tana zaune da ƙoƙon kai a waje tana cewa, "Malama, juya, rana ta koma bayan kafaɗarki. Tokare ta a ciki. In kin ga na gudu hagu, ki bi ni dama. Bar yatsa biyu bisa kaina." Malama ta riƙe numfashi ta danna. Barira ta kai hannu ga ɗankwali, Malama ta ce ba ta ce ta tashi ba, ai ta ji an ce fim ba a barinsa da saura. Ta murɗa ta danna, ta murɗa ta danna. Idon gilashin nan da Barira ta saba tsayawa a bayansa ya yi ta kallonta, tun tana cije leɓe har hawaye ya zubo. Sau goma sha biyu cif.

Malama ta sa ta ciro fim ɗin ta naɗe shi yadda haske ba zai shiga ba, ta karɓa, ta shiga ɗaki ta jefa a ƙasan adudunta tare da ƙaramin hoton. Ta fito ta ce ba za a wanke shi ba, ba kuma wanda zai gani, muddin ba ta sake jin an ɗauki wata mace a garin nan ba da saninta ba. Sannan ta ce Barira ta ɗaura ɗankwalinta, ta zo ran Laraba, kitson da aka yi mata ya fara tsufa.

Barira ta fita ba ta iya godiya ba. Ran Laraba ta dawo. Da matan gari suka ga ta shiga ta fito lafiya, zaurukan da suka fara rufewa suka sake buɗewa, sai dai matan gida biyu da har suka mutu ba su sake kiranta ba. Tun daga ranar, in ta shiga gida da kyamara, a cikin ƙwarya take ajiye ta ta rufe da faifai, ba ta buɗewa sai matar gidan ta ce buɗe. Fim kuma in ya rage guda, akuya take ɗauka. Akuyoyin Gwaram sun sha hoto a shekarun nan.

Barau ya aiko yana neman fim ɗinsa da kuma kuɗin gilashinsa. Ta ce a gaya masa fim yana adudun Malama, ya je ya yi sallama a zauren Malam Isma'ila ya karɓa. Bai je ba.

Malama ta je Makka ta dawo da haƙorin zinariya, fim ɗin yana nan inda ta jefa shi. Barira ba ta taɓa sanin yadda hotunan suka fita ba. Fatanta dai, tunda ranar ce Malama ta fara riƙe kyamara, Allah ya sa duk daga wuya suka fara.