Ƙahon da Aka Kafa wa Mairo

Mairo mai ƙosai ce a Utai. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya, Murja, 'yar aji biyar. Ba su rasa ci ba, ba su rasa sutura ba. Abin da suka rasa shi ne bakin magana, domin a gidan sai abin da Haladu, wan marigayin, ya ce.

Zuciyar Mairo ta daɗe tana bugu ba tsari, ta yi gudu, ta yi tuntuɓe, har numfashinta ya sarƙe. Likitan zuciya a Kano ya ce ƙwayoyi sun gaza. Za a sa ta barci na 'yan mintoci, a ba ƙirjinta bugun lantarki mai awo, zuciyar ta koma daidai. In bai yi ba, a zura siririn bututu ta jijiyar cinya, a ƙona ɗan wurin da ke rikita bugun. Amma kafin nan sai ta yi mako uku cur tana shan maganin tsinka jini, mai hana shi daskarewa. Murja ce ke miƙa mata shi kullum.

Saura kwana biyu a koma Kano, Haladu ya shigo da wanzami.

Haladu ya ce, "Lantarki a ƙirjin mutum? Ita rediyo ce? Mataccen jini ne, ƙaho zai zuƙe shi."

Murja ta ce, "Baffa, likita ya ce ko ɗan yanka..."

"Ke, rufe min baki! Da ke aka yi karatun likitan?"

Mairo ta dubi 'yarta, ta sunkuyar da kai, ta juya baya. Aka tsaga, aka kafa ƙaho huɗu.

Jinin bai tsaya ba. Sai da zani biyu suka jiƙe kafin a kai ta asibiti a Wudil.

Nas ɗin da ta karɓe ta ta ce, "Wa ya sa aka yi wannan ɗanyen aiki?"

Haladu ya gyara hula. "Ni ne babba a gidan."

"To, babba, jinin naka ne ke zuba?"

Dole aka dakatar da maganin har tsagar ta warke. Ranar Kano ta wuce, kuma sai an sake mako ukun daga farko.

Murja na zaune a bakin gadon, ta ƙi kallon Baffa. Ta gane cewa uwarta ta san jinin ba zai tsaya ba, amma ta juya baya, don ta fi tsoron yi wa Baffa musu a kan tsoron mutuwa.