Farantin da Hisham Ya Aiko

A ƙauyenmu na bakin titin Hajj Abdalla, in rana ta kusa faɗuwa cikin Ramadan, kowane gida kan fito da tiren abinci a shimfiɗa tabarmi, dattawa su miƙe rawani su tare hanya, duk motar da ta zo sai fasinjojinta sun sauko sun sha ruwa. A nan ake gane gidan da ya isa.

A azumin da ya gabaci yaƙin da ya ɓarke a ƙasarmu, Jibirin ya fi kowa damuwa da tirensa. Ɗansa Hisham, da ke Amurka shekara shida, yana neman Nasiba, malamar makaranta, 'yar Attahiru. Yarinya na so, uwarta na so. Attahiru ne ya ce ba zai amsa ba sai ya san sana'ar yaron, don duk sanda aka tambayi Hisham a waya sai ya ce yana "fili".

"Fili kowa na da shi," in ji Attahiru. "Ni ma ina da gonar auduga mai faɗin fadan biyar."

Ana haka sai saƙo ya iso daga Hisham: wani jan faranti na roba, marar zurfi, bakinsa mai faɗi da kaifi, da lambobi huɗu a bayansa. Jibirin ya juya shi ya sake juyawa. Bai san ko na mene ne ba, amma mutumin da ya yi shekara biyu yana gadi a Jidda ba ya cewa bai sani ba. Ya cika shi da dabino ya ɗora a tsakiyar tire.

"Irin wanda manyan can ke cin abinci a ciki ne," ya gaya wa jama'a. "Ba ya ɗaukar da yawa, don babban mutum ba ya cika ciki. Hisham da su yake zama."

Kwana tara farantin na cin girma. Ran na goma aka tare wata bas mai zuwa Sinnar, wani mai gilashi da ake kira Abdulmuttalib ya zauna daidai gaban tiren Jibirin. Ya ci dabino uku, ya tsaya, ya zazzage sauran a kan tabarma, ya kifa farantin yana karanta lambobin.

"Ya Hajj, wa ke wasa da wannan a nan?"

"Wasa?" in ji Attahiru, ya matso.

Baƙon ya ce ya zauna Amurka shekaru. Abin jifa ne. Ana tsayawa nesa a wurga shi, ana neman a saka shi cikin wani kwandon ƙarfe mai sarƙoƙi, wanda ya saka da jifa kaɗan shi ya ci.

Jibirin ya sunkuyar da kai. Attahiru ya yi dariya har rawaninsa ya zame.

"To ga filin. Ƙato da gemu yana jifan kwando da faranti. Shi zan ba 'yata, ya Abu Hisham?"

Baƙon, da ya ga ya yi ɓarna a kan tabarmar da ya ci, ya ce, "Amma fa wannan ba na kowa ba ne. Na gwanaye ne. In hannu ba shi da ƙarfi, ba ya tafiya."

Jibirin ya ɗago kai. Ya san Attahiru tun suna kiwon awaki, ya kuma san ba abin da yake taƙama da shi kamar safarog, sandar nan mai lanƙwasa da ake jifan zomo. Shekara arba'in yana ba da labarin zomo biyu da ya kayar da jifa ɗaya.

"Bar shi, Ustaz," Jibirin ya ce wa baƙon a hankali. "Attahiru ya tsufa. Kada ya gurɗe kafaɗa ana tsakiyar azumi."

Ana idar da magariba, da sauran haske, Attahiru ya naɗe hannun riga. Baƙon ya nuna masa riƙon. Attahiru ya ja baya, ya wurga. Farantin ya tafi kamar taku ashirin, ya karkata hagu ya nitse cikin ƙasa kamar kaza ta ga shaho. Ya ce iska ce. Na biyu ya bi hagu ya kifar da butar liman. Na uku ya yi da dukan ƙarfinsa, har da nishi, farantin ya sake yin hagu ya faɗa magudanar ruwan gona.

Fasinjoji suna kallo ta taga. Direba ya danna ham.

Attahiru ya tsaya dafe da kafaɗa. Ko dai abin wasan yara ya kayar da shi a gaban bas guda, ko kuma abin ba na yara ba ne. Ya juya ga baƙon.

"Gwanin nasu, nisan mi yake kaiwa?"

"Daga nan har bayan masallacinku."

Attahiru ya dubi masallaci, ya daɗe yana dubawa.

"Wanga aikin maza ne," ya ce. "Na faɗa tun farko. Jibirin, ku turo manya bayan salla."

Jibirin bai nemi a tsamo farantin ba. Washegari ya fito da dabinonsa a tsohon kwanon sha.