Motar Labaran Ta Daina Mutuwa

Tasi'u mai gyaran wayar mota ba shi da gona, ba shi da ko akuya. Abin da ya mallaka a Ƙafin Maiyaki shi ne rumfar kwano a bakin titi, da akwatin filaya da sukundireba, sai kuma suna: kowa ya san motar da ya taɓa ba ta komawa gida da ciwon da ta zo da shi. To wannan sunan ne Alhaji Labaran mai sayen masara ya tashi ɓata masa a banza a wofi.

Bayan girbi Labaran ya kawo motarsa, ya ja Tasi'u gefe yana magana ƙasa-ƙasa. Wai yana bin hanyar Doguwa sayen hatsi, kuma masu ƙwacen mota sun hana shi barci. Yana so a sa masa abin nan da ke hana mota tashi. Tasi'u ya buɗe bonet, ya yanke wayar da ke kai wuta ga famfon mai, ya ja ta ta ƙarƙashin kafet, ya ɗaura ɗan makunni kamar ƙwayar gurjiya a ƙarƙashin kujerar direba. In an kashe shi, ko ka murɗa makulli har hannunka ya gaji, motar tari kawai za ta yi ta yi shiru, don mai ba ya isa inji.

"Ka rantse ba za ka nuna wa kowa wurin ba," in ji Labaran.

"Wallahi Alhaji, ko matata ba za ta ji ba."

Ashe ɓarayin da Labaran ke tsoro ba a daji suke ba, danginsa ne. A garin nan mota a takarda ce kawai take da mai ita. Kai amarya da ita, mai naƙuda da ita, zuwa gaisuwar mutuwa da ita. Labaran kuwa ga rowa ga son a yabe shi, bakinsa ba ya iya cewa a'a. Sai ya samo dabara. Duk wanda ya zo aro, zai miƙa masa makulli da fara'a ya ce, "Haba, mota ai taku ce." Mutum ya shiga ya yi ta murɗawa har ya jiƙe da gumi. Sannan Labaran ya tafa hannu ya ce, "Ka gani ko? Tun da yaron nan Tasi'u ya taɓa min ita ba ta ƙara lafiya ba. Yau ta tashi, gobe ta ƙi."

Rowa dai halin mai ita ne, babu alƙalin da zai saurari ƙararta. Amma mutum ya yi rowarsa, ya kwashi yabo, ya jinginar da laifin a wuyan bawan Allah da ke neman abin sawa a bakin salati? Wannan zalunci ne tsagwaronsa!

Magana ta zaga gari. Direbobin Tudun Wada da suka saba tsayawa a rumfarsa suka koma wucewa da ɗaga hannu. Fulanin da ke kawo masa baburansu ranar kasuwa suka fara turawa har garin Ƙofa. A teburin mai shayi aka laƙaba masa Kashe-Mota, ana dariya. Da abin ya ishe shi ya je ya sami Labaran a ƙofar gida, ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Alhaji, sunana fa ake ci."

Labaran ya ɓantari goro. "Kai ma dai! Magana ce ta fatar baki, kwana biyu an manta. Kuma dai ka rantse, ko ba ka rantse ba?"

Tasi'u ya koma rumfa zuciyarsa na tafasa. Rantsuwa ta ɗaure masa baki, kuma wanda ya ɗaure shi da ita shi ne ke dukansa.

Ran wata Laraba da hantsi sai ga Ubale, ɗan goggon Labaran, ya faɗo rumfar yana huci.

"Kai Tasi'u, ba ka tsoron Allah! Inna Tasalla ta faɗi a bakin rijiya, ƙafarta ta karye, tana nan kwance a tabarma. Motar da za a kai ta asibiti ka kashe ta!"

Tasi'u ya miƙe. Ya ɗauki filaya da salatif ya hau bayan babur ɗin Ubale.

Ƙofar gidan Labaran ta cika da mutane. Tsohuwar na kwance a inuwa tana salati, ƙafa ta kumbura. Labaran na tsaye yana ta "Innalillahi", yana share gumi. Da ganinsa Tasi'u ya gane abin da ya faru, domin ga kawun Labaran nan cikin taron, wanda ya zo aro da sassafe aka ce masa mota ta ƙi. In ta tashi yanzu a hannun Labaran, asiri ya tonu. Wato mutumin nan ya gwammace goggonsa ta yi ta nishi a ƙasa da a ce ya yi ƙarya! Har yana ƙifta wa Tasi'u ido, wai ya rufa masa asiri.

Wani daga baya ya ce, "Ga Kashe-Mota ya zo ƙarasa ta."

Tasi'u bai ko kalli kujerar direba ba. Ya ɗaga bonet, ya nemo inda ya yanke wayar tun farko, ya cire abin da ya ƙara, ya haɗa bakunan biyu kamar yadda suka zo daga kamfani, ya naɗe da salatif.

"Yaya Ubale, murɗa."

Murɗawa ɗaya motar ta ɗauka. Mata suka yi hamdala daga soro, aka tallafi tsohuwa aka kwantar da ita a baya. Labaran ya sunkuya ta ƙofar direba wai yana gyara wa Ubale kujera, Tasi'u na kallon kafaɗarsa tana motsi. Dannawar duniya ya danna makunnin, inji na ta rurinsa.

Tasi'u ya goge hannu, ya ɗaga murya yadda har na ƙarshen layi zai ji. "Jama'a ku shaida, na gyara. Daga yau duk ranar da motar Alhaji ta ƙi tashi, ku zo ku rushe rumfata."

Jama'a kuwa suka shaida, kuma suka riƙe maganar da kyau. A makon nan motar ta kai amarya Bebeji, ta kai kawu gaisuwa Kiru, ta kwaso buhunan wani maƙwabci daga gona. Direbobin Tudun Wada suka dawo rumfar Tasi'u kamar ba su taɓa wucewa ba.

Ranar kasuwa sai ga Labaran ya sauko daga acaɓa, babbar riga duk ta yamutse. Ya jira mutane suka ragu, ya matso kusa.

"Tasi'u ɗan albarka, abin nan dai za ka mayar min. Ka san halin hanyar Doguwa."

Tasi'u bai ɗago daga babur ɗin da yake gyarawa ba.

"Alhaji, na rantse ba zan nuna wurin ba, ban kuwa nuna ba. Yanzu kuma na yi wa gari alkawari, a gabanka aka yi. In kana son motarka ta huta, baki gare ka. Ka ce musu a'a."