Gahawar Mutum Ɗaya

Khairiyya ta ɗauki kwalin gahawa na biyu ta juya bayansa, ta sake juyo gabansa, amma rubutun bai ƙara mata komai ba. Wayarta na ta rawa a cikin jaka. Ta san yayanta Ahmed ne daga Kano, ta ƙyale shi.

"Hajiya, wa zai sha?" in ji mai kantin, wata 'yar Kano mai suna Rashida, wadda ta jima tana kallonta daga bayan teburin ciniki.

"Mahaifina. Yana kwance a asibiti."

"Allah ya ba shi lafiya. Ya saba da gahawa?"

Khairiyya ta yi ɗan murmushi. Alhaji Gana, dillalin shanu tun kafin a haife ta, bai taɓa fita Kasuwar Shanu da safe ba sai ya sha gahawa finjali bayan finjali. Mahaifiyarta Kaltumi ce ke soya 'ya'yan a kasko, ta daka su da citta, ƙamshin ya cika layinsu a unguwar Gamboru. Bayan rasuwarta shi ya ci gaba da yi wa kansa, bai yarda wata 'yarsa ta taɓa kaskon ba.

"Ya saba," ta ce. "Ta gargajiya. Mai ɗaci."

Rashida ta karɓi kwalin da ke hannunta ta mayar kan kanta. "To bar wannan. Suyarta sama-sama ce, tana da ɗan tsami-tsami, 'yan ofis ne ke sonta. Tsoho zai ce kin ba shi ruwan tsamiya." Ta jawo wani kwali mai ruwan ƙasa. "Wannan ta Mambila ce, an soya ta ta yi baƙi. Kuma duba nan, ba ta daɗe da suya ba. Wadda ta daɗe ƙamshin ya tafi, sai launi."

Ta ciro leda guda mai ƙyalli daga kwalin, ta matsa ta da yatsu don Khairiyya ta ga iska ba ta shiga. A ciki, ta ce, akwai 'yar jakar takarda mai kunnuwa biyu. A yage bakinta, a rataya kunnuwan a bakin kofi, a zuba ruwan zafi yana tsiyaya. Ba wuta, ba tukunya.

"Kada ruwan ya zama yana tafasa, bari ya ɗan huce. Ki fara jiƙa garin kaɗan, ki jira. Sannan ki riƙa zubawa a hankali. Kowace jaka ta mutum ɗaya ce."

A cikin keke napep, kwalin na kan cinyarta, wayar ta sake rawa. Wannan karon ta ɗauka.

"Ya yarda?" in ji Ahmed, ko gaisuwa babu.

"Bai ce komai ba, Yaya. Abinci ma ya ƙi."

"Khairiyya, ki saurare ni. Ki ce masa wanke ciwon za su yi, sai sun ba shi maganin barci. In ya farka ya ga an gama, zai yi fushi, ya huce. Gara ya yi fushi yana raye."

"Likita ya ce Baba na cikin hankalinsa. Sai da yardarsa."

"Likita ba ubansa ba ne. Ke kike wajen, ki san yadda za ki yi."

Ta kashe wayar tana kallon gidajen da ke wucewa, waɗanda har yanzu shatar ruwan ambaliya ke jikin bangonsu. A ruwan nan ne Baba ya taka wani ƙarfe lokacin da yake fitar da jikokin maƙwabta. Ciwon suga ya hana raunin warkewa. Ya yi ta ɓoye shi cikin safa, yana shafa masa magungunan 'yan kasuwa, har yatsun suka yi baƙi. Yanzu likita ya ce baƙin yana hawa, in ba a yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa ba, zai shiga jini. Tun da aka faɗa masa haka ya juya fuska bango. Abu ɗaya ya nema, gahawa. Jiya ta dafa a gida iya iyawarta, ta kawo a filas. Ya shinshina, ya ce gahawar da ta yi tafiya a keke ba gahawa ba ce, ya mayar mata. A ɗakin marasa lafiya kuwa ba a kunna wuta. Wata nas ce ta ba ta labarin jakunkunan nan da likitoci ke sha a ofishinsu, ta ce in ba suga, kofi ɗaya ba zai yi masa komai ba.

Maganar Ahmed ta tsaya mata a rai. Ta san za ta iya. Baba bai taɓa zarginta da ƙarya ba, shi ya sa zai yarda da duk abin da ta faɗa masa.

Ta same shi yadda ta bar shi, ya juya baya, hularsa a kan matashi. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. An ɗora ƙafar a kan filo, an naɗe ta da bandeji, amma warin yana fitowa duk da haka.

"Baba, sannu da jiki."

"Yauwa."

Ta karɓo ruwan zafi a filas daga wajen nas, ta jawo ɗan teburin gefen gado, ta ajiye kofin tangaran da ta zo da shi daga gida. Da ta yage ledar, ƙamshi ya fito a take, mai nauyi, irin na kasko da safe. Ta ga kafaɗarsa ta motsa.

Ta yage bakin jakar, ta buɗe kunnuwan ta rataya. Garin sauri ta manta da duk abin da Rashida ta faɗa. Ta tuttula ruwan gaba ɗaya. Jakar ta cika ta tumbatsa, gari ya gangara cikin kofin, wani ya zuba kan tebur.

"Wa ya kore ki?"

Ta ɗago. Ya juyo, yana kallon ɓarnar da ta yi.

"Gahawa ba ta son mai gaggawa. Mene ne wannan ɗin?"

Ta yi masa bayani. Ya miƙo hannu ta ba shi leda guda, ya juya ta, ya kai hanci. Da ta ce ta Mambila ce sai ya ɗaga gira.

"Na sayi shanu a can. Sanyi kamar zai kashe mutum." Ya miƙo mata. "Wanke kofin. Ki tayar da ni zaune."

Ta tayar da shi, ta sa masa filo a baya. Ta buɗe wata jakar ta rataya. Ya ce ta bar murfin filas ɗin a buɗe tukuna, ya kara tafin hannunsa a kan tururin, can ya ce yanzu.

"Kaɗan. Jiƙa shi kawai. Tsaya."

Garin ya sha ruwa ya kumbura, 'yan kumfa suka taso a kansa. Su biyu suka zuba masa ido.

"Kin gani, yana numfashi. Sabuwa ce. Yanzu zuba siriri, ki kewaya. Kada ki cika."

Ta zuba, ta jira ruwan ya sauka, ta sake zubawa. Sautin ɗigar yana fitowa daga cikin kofin, da fari da ƙarfi, daga baya ya yi laushi. Tun da aka kwantar da shi bai yi magana mai tsawon wannan ba. Da gindin jakar ya kusa taɓa gahawar ya ce ta cire, kada ta jiƙu ta yi ɗacin banza.

Ya karɓi kofin da hannu biyu. Ya daɗe yana shaƙar tururin kafin ya kurɓa.

"Ba citta," ya ce. Ya sake kurɓa. "Amma gahawa ce."

Khairiyya ta zauna a bakin gadon. Duk hanya ta shirya maganar da za ta faɗa, ta wanke ciwo da maganin barci. Yanzu ga shi ya sake, fuskarsa ta buɗe, lokacin da ya fi dacewa ke nan. Ta buɗe baki, sai ta ji wata maganar daban ta fito.

"Baba, Yaya Ahmed ya ce in gaya maka wanke ciwon kawai za a yi. Ba haka ba ne. Yankewa za su yi, daga nan." Ta nuna ƙasan gwiwarta. "In ba a yi ba, likita ya ce ba za ka daɗe ba. Ni ina so a yi. Amma ba zan sa a yi maka a ɓoye ba."

Ya ci gaba da kurɓa har ya sha kusan rabin kofin.

"Ahmed ɗana ne, tsoro yake ji," ya ce. "Ke ma tsoro kike ji." Ya dubi ƙafar. "Da wannan na bi shanu tun ina yaro, daga Dikwa har bakin tafki. Da ita na shigo garin nan ba ni da komai. Kin san sa mai karyayyar ƙafa in an kawo shi kasuwa? Ba mai tambayar asalinsa, ba mai duba haƙoransa. Mahauta kawai ake kira. Ni da kaina na sha kiransu."

"Kai ba sa ba ne, Baba."

"Na sani. Amma zan zauna a ɗaki, ke ki bar makarantar da kike koyarwa da 'ya'yanki, kina ɗauke ni kina kai ni bayan gida. Mutanen da nake shiga tsakaninsu a ciniki su zo su tsaya a kaina suna sannu, sannu. Ban iya wannan zaman ba, Khairiyya. Ban san yadda ake yinsa ba."

Ta sa gefen mayafinta ta goge teburin da ya riga ya bushe.

"Alhaji, a gafarce ni," wata murya ta ce daga gadon da ke kusa. "Wannan ƙamshin ya hana ni barcin rana."

Wani dattijo ne mai furfura, Malam Dzarma, tsohon malamin gona daga Biu. Khairiyya ta saba gaishe shi da matarsa, wadda ke zuwa kullum da yamma da Littafi Mai Tsarki a jaka. An yanke masa ƙafar hagu kafin a kawo Baba, yana jiran sallama. Baba bai taɓa amsa masa fiye da gaisuwa ba. Ko gefensa ba ya son kallo.

Alhaji Gana ya dubi kofinsa, ya dubi 'yarsa. Ta ga kunya ta kama shi, irin ta mutumin da aka samu yana cin abinci shi kaɗai.

"Ƙara ruwa a jakar nan ki ba shi."

"Ta mutum ɗaya ce, Baba. In an maimaita, ruwa ne kawai zai fito."

"Wane irin abu ne wannan, gahawar mutum ɗaya." Ya girgiza kai. "To buɗe wata. Malam, kana da kofi?"

Kofin Malam Dzarma na roba ne mai faɗin baki, kunnuwan jakar suka ƙi kaiwa, sai da Khairiyya ta aro ƙarami wajen nas. Tana jiƙa garin, ta ce za ta kai masa har gado.

"A'a, 'yata, bari in zo. Sun ce in riƙa motsawa."

Ya jawo sandunansa biyu daga jikin bango. Ya zuro ƙafarsa ɗaya ƙasa, ya laluba takalmi, ya cije leɓe ya miƙe. Tsakanin gadajen ba nisa, amma ya ɗauki lokaci. A tsakiya sandar dama ta ɗan zame, ya tsaya, ya gyara, ya ci gaba. Khairiyya ta yunƙura za ta taimaka, Baba ya riƙe mata hannu. Idonsa na kan mutumin, bai ɗauke ba har ya zo ya zauna a kujerar masu jinya yana haki, gumi a goshinsa.

"Jiya a nan na faɗi," in ji Malam Dzarma, yana nuna wajen da sandar ta zame. "Yau ban faɗi ba."

Ta miƙa masa kofin. Ya kurɓa ya yamutsa fuska. "Ba suga?"

"Sugan da muka sha a baya ne ya kawo mu nan," in ji Baba.

Malam Dzarma ya yi dariya har gahawar ta kusa zuba. Baba bai yi dariya ba, amma gefen bakinsa ya motsa. Suka ci gaba da sha. Wani mai jinya ya wuce da bokiti. Daga nesa aka fara kiran sallar la'asar.

"Malam," in ji Baba, yana kallon cikin kofinsa. "Ranar da ka farka ka ga babu ita. Yaya ka ji?"

Malam Dzarma ya ajiye kofin a kan gwiwarsa. "Wacce kake so, Alhaji? Wadda nake faɗa wa masu zuwa dubiya, ko ta gaskiya?"

"Ta gaskiya."

Dattijon ya dubi Khairiyya, ya dubi Baba. Baba ya gyara zama.

"Jeki ki ƙaro mana ruwan zafi," ya ce mata. "Ki yi sallarki a can. Ba sai kin yi sauri ba."

Ta ɗauki filas ɗin. Da nauyinsa, ko rabin ruwan ba a yi amfani da shi ba. Ta rungume shi ta fita.

A baranda ta jingina da ginshiƙi. Ta taga tana hango su, Malam Dzarma na magana yana nuni da hannu, Baba ya karkato kai yana sauraro yadda yake yi in ana gaya masa aibin dabba kafin ciniki. Wayarta ta yi rawa.

"Kin gaya masa?" in ji Ahmed.

"Na gaya masa gaskiya, Yaya."

Ta ji Ahmed yana sauke numfashi. "To me ya ce? Ba ni shi."

"Ba yanzu ba," ta ce. "Yana da baƙo."